AMFANIN TAFIYA GA MAI FAMA DA FARGABA

Babu ɗan Adam ɗin da gabansa bai taɓa faɗuwa ba. Manomi yakan shiga zullumi in damina ta makara, haka ɗalibi in jarrabawa ta matso, kuma da zarar abin ya wuce sai hankali ya kwanta. Amma akwai wata irin fargaba wadda ba ta wucewa. Mai ita yakan kwana ya tashi cikin taraddadi ba tare da wani dalili na a zo a gani ba, zuciya na bugawa, gumi na karyo masa, barci ya ƙaurace wa idonsa, har abin ya hana shi aiki da shiga jama'a. Wannan ciwo ne kamar sauran ciwace-ciwace, ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 301 ne ke fama da shi a duniya, kuma cikin kowane mutum huɗu da ke bukatar magani, ɗaya kaɗai ke samu.

Tun zamanin kaka da kakanni, in aka ga abu ya tsaya wa mutum a rai, akan ce ya je wajen dangi ya ɗan sha iska. Binciken likitoci ya nuna akwai ƙamshin gaskiya a wannan shawara, sai dai tana da iyaka, kuma wajibi ne jama'a su san amfanin su kuma san iyakar.

Fargaba dai da saƙar zuci take rayuwa. Wanda ke zaune a ɗaki guda, yana bin hanya guda zuwa ofis ko kasuwa, yana haɗuwa da fuskoki iri guda, komai nasa ya zama jiki, don haka zuciyarsa ba ta da abin yi sai juya damuwa, ta saƙa wannan ta kwance wancan. In kuwa ya sauka a baƙon gari, tilas ya tambayi hanya, ya nemi masauki, ya saurari harshen da bai saba ji ba. Hankalin da ke can yana hasashen masifar gobe sai ya dawo kan abin da ke gabansa yanzu. A shekarar 2015 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun sa wasu mutane tafiyar ƙafa ta minti 90 cikin ciyayi da itatuwa, wasu kuma a bakin titi mai yawan motoci. Waɗanda suka bi ta cikin itatuwa su ne saƙar zucinsu ta ragu. Ga kuma motsa jiki da hasken rana da gajiyar da ke kawo barci mai nauyi, duk matafiyi yakan same su ba da ya nema ba.

Akwai wani amfanin da ya fi wannan zurfi. Ɗabi'ar mai fargaba ita ce gudun abin da yake tsoro. Yau ya ƙi shiga mota, gobe ya ƙi zuwa ɗaurin aure, jibi ya ƙi kasuwa, kuma duk lokacin da ya kauce yakan ji sauƙi nan take. Wannan sauƙin shi ne tarkon, domin yana koya wa zuciya cewa gudun ne ya cece ta, sai tsoron ya ƙara kauri, duniyar mutum ta yi ta ƙuntata har ta koma bakin zaure. Masu ilimin halayyar ɗan Adam suna warware wannan ƙulli ne ta hanyar sa majiyyaci ya tunkari abin tsoron kaɗan-kaɗan, ya daure har bugun zuciyar ya lafa da kansa. Tafiyar da aka tsara da hankali irin wannan aiki take yi. Wanda ya tashi daga Zariya ya kwana Kaduna ya dawo lafiya ya sami shaida a hannunsa cewa abin da yake tsoro bai auku ba, kuma irin wannan shaida ta fi lallashin mutum goma.

Nijeriya ma tana da abin faɗa a nan. A shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fito da wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda akan sauki masu ciwon ƙwaƙwalwa a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa, su riƙa zuwa karɓar magani suna komawa cikin jama'a. Ba yawon buɗe ido ba ne, amma ya nuna cewa wurin da majiyyaci ke zaune da mutanen da ke tare da shi suna da hannu a samun sauƙinsa.

Ba sai mai hannu da shuni ke iya tafiya ba. Zumunta a ƙafa take, kuma kwana uku a ƙauye wajen gwaggo ko kawu na iya fin mako guda a otal amfani. Wanda Allah ya hore wa, ga gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, da ruwan ɗumi na Wikki a cikinsa, ga sanyin Jos da na Mambila, ga kwazazzabon ruwan Gurara a Jihar Neja. Ma'aikata kuma su tuna cewa Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ba lebura hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan wata 12 yana aiki. Abin takaici, da yawa sukan cinye hutun nan a bakin wata sana'ar.

Sai dai tafiya ita kanta tana iya tayar da fargaba in an yi ta da gaggawa. Saboda haka a fara da ta kusa, a tafi da abokin da aka amince da shi, a san masauki da kuɗin komowa tun kafin a tashi. A tambayi labarin hanya, a yi tafiyar da rana, kada a je inda hukuma ta yi kashedi. Kada a ci bashi domin shan iska, don bashin zai tarye mutum a ƙofar gida. Mai shan maganin likita ya ɗauki wanda zai ishe shi, kada ya dakatar don ya ji sauƙi a hanya. In faɗuwar gaba ta taso a cikin mota, ya ja numfashi a hankali, ya saki a hankali fiye da yadda ya ja. Yawanci takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin 'yan mintoci sannan ta sauka. Kada ya nemi agaji wajen masu tallar ƙwaya a tasha. Tiramol da kodin sun halaka matasa da yawa waɗanda da farko kwanciyar hankali kawai suke nema.

Iyakar amfanin kuwa ita ce, bincike a kan masu zuwa hutu ya nuna cewa sauƙin da suka samu yakan dusashe cikin 'yan makonni bayan sun koma aiki. Shi ya sa gajerun tafiye-tafiye jefi-jefi suka fi doguwa guda a shekara. Haka nan wanda ya bar gari don gudun rikicin aure ko shari'a ko bashi, ya koma ga kaucewar nan ce da aka yi bayani, zai kuwa dawo ya tarar da abinsa.

Duk wanda fargabarsa ta ɗauki watanni, ko ta hana shi barci da neman abinci, ko ta kai shi ga tunanin hallaka kansa, to asibiti ya kamata a fara kai shi kafin a yi zancen tafiya. Likita zai duba ko ƙarancin jini ne ko ciwon zuciya ko na maƙoƙo, domin su ma sukan zo da irin waɗannan alamu. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato da Yaba da Aro da Inugu da Kalaba da Binin, kuma dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta hana a wulaƙanta majiyyaci ko a nuna masa bambanci saboda ciwonsa.