Abin da Ya Rage wa Baraden Ostireliya Lambobin Yabo

A Yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, 'yan Ostireliya shida ne suka samu Victoria Cross, lambar jarumta mafi daraja a daular Birtaniya. Kusan dukkansu aiki iri ɗaya ya ba su ita: komawa cikin ruwan harsashi a ɗauko ɗan'uwan da ya ji rauni ko aka kashe masa doki. Laftanar Leslie Maygar, a Nuwambar 1901, sauka ya yi ya ɗora wani soja a kan dokinsa, shi ya biyo baya da ƙafa ana harbinsa. Amma a Yaƙin Duniya na Farko, cikin lambobi 64 da Ostireliya ta samu, ɗaya tak ce ta je wa rundunonin barade. Wanda ya same ta ma, Hugo Throssell, a ƙasa ya yi faɗansa cikin ramukan Galifoli a Agustan 1915, dawakansu na can Masar.

Babban dalilin shi ne ma'aunin ya sauya. A fagen Faransa, daga 1916, manyan hafsoshi sun daina ganin ceton mai rauni a matsayin abin da ya isa wannan lamba, suka fi karkata ga wanda ya afka wa abokan gaba ya ƙwace musu wuri. Sannan idon Landan yana kan Faransa, ana yi wa yaƙin Sinai da Falasɗinu, inda baraden suke fafatawa, kallon na gefe. Yanayin aikin ma ya taimaka: waɗannan mahaya doki ne ke kai su bakin daga, su sauka su yi harbi, mutum ɗaya cikin huɗu ya riƙe dawakai. Jarumtarsu ta taro ce, da wuya a ware mutum guda.

Yaƙin garin Biyasheba ya nuna haka sarai. Da yammacin 31 ga Oktoba 1917, ƙishirwa ta ci dabbobi, rijiyoyin garin kuma suna hannun sojojin Turkiyya. Janar Harry Chauvel ya ba da umarni, mahaya wajen 800 suka yi sukuwa a fili fetal, ba takobi, sai wuƙar bakin bindiga a hannu. Suka tsallake ramuka, suka kama garin kafin a rusa yawancin rijiyoyin. An kashe musu mutum 31. An raba lambobi masu ƙaramar daraja, babu wanda ya samu babbar. A ranar ce kuma bam na jirgin sama ya samu Maygar, ya rasu washegari.

Akwai kuma abin da masu yabon baraden ba su cika son ambata ba. A Disambar 1918, bayan an kashe wani sojan Niyu Zilan, mahayan Niyu Zilan da na Ostireliya suka far wa ƙauyen Sarafand, suka kashe Larabawa da dama, suka cinna wa gidaje wuta. Babban kwamandansu, Janar Allenby, ya tara su ya kira su masu kisan kai, ya janye sunayen da aka gabatar don yabo. Ba a hukunta ko mutum ɗaya ba, kuma wannan ya fi ƙarancin lambobi ci mini rai.

Rashin lambobin bai dusashe sunansu ba, sai ma ya sa jama'a suka ɗauki nauyin tunawa da kansu, ta gumaka da bukukuwa da fim irin na 1987 kan Biyasheba. Illar ita ce labarin da jama'a ke riƙewa yakan zaɓi mai daɗi. Wanda zai auna waɗannan mutane da adalci dole ya haɗa Biyasheba da Sarafand a ma'auni ɗaya.