Abin da Kotu Ba Ta Ji Ba: Schlink da De Cataldo

Bernhard Schlink na Jamus da Giancarlo De Cataldo na Italiya duk sun hau kujerar alƙali, duk kuma sun yi suna a ƙagaggun labarai. Sai dai kujerun nasu sun sha bamban, kuma bambancin ya biyo su har cikin rubutu.

Schlink, haifaffen 1944, malamin jami'a ne tun asali. Ya koyar da shari'a a Bonn, daga baya a Jami'ar Humboldt ta Berlin, ya kuma yi shekaru yana alƙalanci a kotun tsarin mulki ta jihar North Rhine-Westphalia, inda aikin ya fi karkata ga fassara doka. De Cataldo kuwa, wanda aka haifa a Taranto a 1956, ya yi alƙalanci ne a kotun manyan laifuka ta birnin Rum, wurin da ake gurfanar da masu kisan kai ido da ido.

A littafinsa Der Vorleser na 1995, Schlink ya tsaya kan mace ɗaya, Hanna Schmitz, tsohuwar mai gadin sansanin 'yan Nazi. Ana tuhumarta tare da wasu kan mata kimanin 300 da suka ƙone a coci a kulle. Abokan shari'arta suka ɗora mata rubuta rahoton abin da ya faru. Da aka nemi ta yi rubutu a gwada hannunta, sai ta gwammace ta amsa laifin, ta sha ɗaurin rai da rai, a kan a gane ba ta iya karatu ba. Mutum ɗaya a zauren ya fahimci haka, ɗalibin shari'a Michael Berg, tsohon masoyinta, shi ma ya ja bakinsa ya yi shiru. Alƙali ya bi doka daidai, amma bai san wadda ya ɗaure ba.

De Cataldo bai tsaya kan mutum ɗaya ba. Romanzo Criminale na 2002 ya bi sawun gungun Magliana, 'yan daban da suka mamaye cinikin miyagun ƙwayoyi a Rum tun ƙarshen shekarun 1970. Ya sauya musu suna, ya ratsa da su ta sace tsohon firaministan Italiya Aldo Moro a 1978 da harin bam na tashar jirgin ƙasa ta Bologna a 1980, yana nuna zaren da ya haɗa 'yan daba da jami'an asiri. Alƙali ba ya hukunci sai da hujja. Abin da hujja ta gaza kamawa shi marubucin ya zuba a labari.

Kowanne ya sha suka. An ce De Cataldo ya mai da 'yan daba gwaraza, musamman bayan fim ɗin littafin da Michele Placido ya yi a 2005 da shirin talabijin da ya biyo baya. Wannan suka tana da tushe, amma ta Schlink ta fi damuna. Littafinsa ya fi taɓa zuciya, kuma a nan haɗarin yake: mai karatu kan wayi gari yana tausayin Hanna fiye da matan da suka ƙone, waɗanda ko sunayensu ba a ji ba. Rashin iya karatu bai hana kowa buɗe ƙofa ba. Shi ya sa na fi amincewa da alƙalin Rum, domin 'yan dabansa, duk da ƙyalƙyalinsu, suna cin amanar juna suna kashe juna a gabanka, kuma bai nemar musu uzuri ba.