Ko Kun Sani? Wasan da Ba Ya Cika Sai da Aboki

Ko kun san akwai wasan bidiyo da ba ya nuna cikakken ƙarshensa ga wanda ya buga shi kaɗai? Shi ne Bubble Bobble, wanda kamfanin Taito na Japan ya fitar a 1986 don na'urorin gidajen wasa da ake jefa wa sulalla. Fukio Mitsuji ne ya tsara shi. Wasu 'yan dodanni biyu, Bub da Bob, suna tsalle daga dandamali zuwa dandamali a matakai 100, makaminsu kumfa kawai. Su hura ta ta rufe abokin gaba, su fasa ta, ya zama kayan marmari. Wanda ya kai ƙarshe shi kaɗai, wasan zai ce masa ya dawo da aboki.

Wasu na cewa dabarar ciniki ce, tunda 'yan wasa biyu sulalla biyu ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma da kuɗi kaɗai ake nema, tsananta wasan ya isa ya sa a yawaita jefa sulalla. Mitsuji ya so jawo mata da masoya zuwa gidajen da samari suka mamaye, kuma tsarin wasan ya goyi bayan haka: ɗaya ya hura kumfa, ɗayan ya taka ta ya haye inda tsalle ba ya kaiwa. Haɗin kan na cikin jikin wasan ne, shi ya sa har yau ake sake fitar da shi a sababbin na'urori.