Daga Filinge zuwa Kumasi da Abijan: abin da ɗan ci-rani ke tararwa

Da an gama girbin gero, samarin Kurfai su kan kama hanyar Gana, Kodibuwa ko Najeriya. Sabon zuwa yakan sha mamaki.

Na farko, lissafin kuɗi. A kasuwar Filinge ta ran Lahadi, dala ashirin na nufin sefa 100, jaka kuwa 1000. A Kano, tsofaffin 'yan kasuwa in sun ce jaka, naira 200 suke nufi. Wanda bai tambaya ba, sai ciniki ya zama rigima.

Na biyu, jana'iza. A gida ana binne mamaci a ranar da ya rasu. Asantawan Kumasi kuwa kan ajiye gawa makonni, sannan a yi babban taro, galibi ran Asabar. A wurinsu girmamawa ce, don haka baƙo ya kama bakinsa.

Abinci ma daban ne: rogo ya maye gero. A Abijan, garba, wato aceke da soyayyen kifi, 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi.

Akwai kuma inda muka haɗu: Kofi shi ne Ɗanjuma, Kwame kuwa Ɗan'asabe.