Neman Asali a Ƙasar Birnin Gwari: Abin da Ke Rubuce da Abin da Ake Zato

Daga cikin maganganun da suka daɗe suna yawo a bakin masu neman salsalar gidajensu a ƙasar Birnin Gwari, babu wadda ta yi ƙarfi kamar wadda ke cewa Turawan mulkin mallaka sun rubuta sunan kowane mutum da na mahaifinsa, kuma kundin yana nan a ajiye a Kaduna ko a Landan, sai dai kawai a je a buɗe. Wannan magana ba ta da tushe, kuma da alama ta samo asali ne daga kwatanta ƙasar nan da Ingila, inda tun shekarar 1538 Thomas Cromwell ya umurci kowane cocin gunduma ya riƙa rubuta baftisma da aure da binne gawa, sannan gwamnati ta fara tata rajistar a 1837, har ya zama mutum yana iya bin kakanninsa na ɗaruruwan shekaru a littattafan gari guda. Babu irin wannan tsari da aka taɓa kafawa a Birnin Gwari. Dokar da ta tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a Nijeriya baki ɗaya ta shekarar 1992 ce, kuma takardar rantsuwar shekaru da ake yi a kotu, wadda wasu ke ɗauka a matsayin hujja, sau da yawa ƙiyasi ne aka buga wa hatimi.

Sai dai waɗanda suka juya suka ce babu komai a rubuce su ma sun kauce. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin larduna da na sakatariyar Arewa, ciki har da rahotannin ƙiyasin haraji, wato bayanan da Di'o ko mataimakinsa ke rubutawa bayan rangadi domin a san abin da za a aza wa kowane gari. Irin wannan rahoto yakan jera ƙauyuka da sunayen dagatai, ya ba da yawan maza baligai da mata da yara da shanu, ya taɓo sana'o'i, wani lokaci kuma ya haɗa da jerin sarakuna kamar yadda dattawa suka faɗa ta bakin tafinta. Bature ya rubuta sunayen ne yadda kunnensa ya ji, don haka ƙauye ɗaya yakan fito da rubutu iri biyu ko uku. Abin lura shi ne an yi takardun ne domin haraji da jangali da tafiyar da mulki, saboda haka gidan sarauta yakan tarar da sunan kakansa a ciki, shi kuwa manomi ko maharbi ya shige cikin lissafi ba suna, balle mata. Mai bincike yana kuma buƙatar sanin cewa Birnin Gwari ta kasance gunduma mai cin gashin kanta a Lardin Zariya, ba ƙarƙashin En'e ta Zazzau ba, kuma da yake iyakokin larduna sun sha sauyawa, ya dace a leƙa fayilolin maƙwabta. Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a Kaduna a 1970, shi ma wurin dubawa ne.

Inda sunan talaka ya fi samun shiga shi ne littafin alƙali, musamman shari'ar rabon gado, domin a nan dole a ambaci mamaci da matansa da 'ya'yansa maza da mata kafin a fitar da rabon kowa, in dai littafin ya tsira daga gara da ruwan damina. Akwai kuma rajistar bayin da aka 'yanta a farkon mulkin Turawa, wadda takan nuna suna da ƙiyasin shekaru da ƙabila. Wannan ya shafi yankin ƙwarai, domin a ƙarshen ƙarni na 19 hare-haren Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kontagora, sun tarwatsa garuruwan Gwari da na Kamuku, har Birnin Gwari kanta ba ta tsira ba, kafin Turawa su kama Kontagora a 1901, bautar kuwa ba a haramta ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Gaskiya ne cewa wasu salsaloli sun yanke a wannan zamani. Amma gorin da ake yi cewa duk gidan da bai iya ƙirga kakanni fiye da uku ko huɗu ba to daga bauta ya fito, ƙage ne, domin iyakar abin da yawancin gidaje ke riƙewa ke nan in ba masu sarauta ko malanta ba, kuma gudun yaƙi da yunwa da neman gona duk sun tayar da mutane sun bar kufai, wato tsohon mazauni da ciyawa ta cinye, irin waɗanda ke warwatse a dazuzzukan yankin.

Sunan garin ma yana ruɗar mutane. Kasancewar mutum ɗan Birnin Gwari ba ya tabbatar da cewa shi Bagwari ne, kuma ba ya kore hakan, tunda Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi ko Gbari, da Kamuku da Hausawa da Fulani sun daɗe suna cuɗanya da auratayya a wannan ƙasa. Sunan gari da ake liƙa wa mutum a makarantar boko ko a wurin aiki, kamar yadda aka yi wa Aminu Kano da Shehu Shagari, yana nuna inda ya fito ne, bai ce komai a kan jininsa ba. Haka kuma in tsohuwar takarda ta ce Birnin Gwari, mai yiwuwa Tsohuwar Birnin Gwari take nufi, ba garin da ke kan hanyar Kaduna a yau ba.

Labarin baka shi ne ginshiƙin aikin, amma yana da halayen da ya kamata a sani. Yakan haɗe mutum biyu masu suna ɗaya su zama guda, abin da ke faruwa da yawa saboda al'adar mayar wa jika sunan kaka. Yakan tsallake wanda bai yi suna ba. Alkunya kuma takan sa a san mutum da laƙabi kawai, kamar Tanko ko Ɗanjuma ko Mai Gado, har sunan yankansa ya ɓace. Dattawa ba sa ba da shekara, sai dai su ce zamanin Sarki wane ko shekarar fara, kuma a nan ne jerin sarakunan da ke cikin rahotannin Turawa yake amfani, domin da shi ake auna lokacin. Tsofaffin mata sukan fi maza riƙe wa ya auri wa, kuma rashin tsaron da ya tayar da ƙauyukan bakin dajin Kamuku a shekarun baya ya sa da yawa daga cikinsu sai an bi su gari kafin a same su.

Tsagar gado, wato zanen da wanzami ke yi wa jariri a fuska, shaida ce amma ba yankakkiya ba, domin baƙo yakan yi wa 'ya'yansa tsagar garin da ya zauna, ubangida kuma yakan yi wa 'ya'yan bayinsa tasa. Gwajin ƙwayoyin halitta da kamfanonin ƙasashen waje ke tallatawa yana iya tabbatar da dangantaka ta kusa tsakanin mutum biyu da aka gwada, amma ba ya iya faɗin sunan kaka ko ƙauyen da ya taso, kuma kason ƙabila da yake fitarwa ya dogara ne da samfurin mutanen da kamfanin ya riga ya tara.