Tsohuwar Bindigar Gado: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

A hutun makaranta da ya wuce an gayyace mu shaidar rabon gado a gidan wani dattijo, tsohon maharbi, Allah ya jiƙansa. Cikin kayan da aka fito da su har da wata 'yar siririyar bindiga mai cin harsashi ɗaya, naɗe cikin tsohon bargo. Ɗan da ta faɗo a rabonsa, don son ya girmama kayan mahaifinsa, sai ya kai ta wurin mai walda. Aka goge ta tas da samfefa, aka shafe ta da baƙin fenti. Da ya kawo mana ita yana murna, sai muka tarar sunan kamfanin da ya ƙera ta ya shafe, rubutun da ke nuna irin harsashin da take ci shi ma babu shi. Abin da shekaru saba'in ba su ɓata ba, yini ɗaya ya ɓata shi. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu ɗan yi wa masu karatu bayani, domin mun san ba gidan nan kaɗai ke da irin wannan ajiya ba.

Asalinta

Bindigar da muke magana a kanta ta bambanta da adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita wannan ta baya ake buɗe ta, a sa harsashi ɗaya, a harba, a cire kwanso, sannan a sa wani. Maganin da ke tayar da wuta yana zagaye ne a gefen gindin harsashin, ba a tsakiya ba. Saboda haka idan aka ja kunama, allurar bindigar gefen kwanson take bugu. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Wani Bafaranshe mai suna Flobert ne ya fito da irin wannan harsashi a 1845, don wasan harbi a cikin ɗaki. A 1857 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da gajeren harsashi mai lamba .22, wato kaurinsa wajen milimita biyar da rabi. A 1887 kuma kamfanin Stevens ya fito da dogonsa, wanda har gobe shi ake sayarwa. Daga nan sai ƙananan bindigogi masu araha suka cika kasuwa: Stevens Favorite, da Remington lamba 4 wadda aka yi ta ƙerawa daga 1890 zuwa 1933, da Winchester 67 daga 1934 zuwa 1963, da kuma na kamfanin BSA na birnin Birmingham a Ingila. Manoma da yaran ƙauye aka yi wa yawancinsu, don harbin zomo da tsuntsu.

Abin Da Ke Cin Ta

Babban abokin gabanta tsatsa ce. Kafin ƙarshen shekarun 1920, maganin da ke gindin harsashi yakan bar wani irin gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin nan yana jawo laima, laima kuma ta haifi tsatsa. Shi ya sa sau da yawa za ka ga bindiga waje fes, amma ciki duk ramuka.

Yanayin ƙasarmu ma bai raga mata ba. Wanda ke Kumasi ko bakin teku, laimar damina ce za ta dame shi. Wanda ke Tamale ko Bawku kuwa, iskar hunturu ce za ta busar da ƙotar katako har ta tsage. Bargo, da jakar fata, da ƙarƙashin katifa, duk laima suke riƙewa. Gumin hannu ma gishiri ne.

Yadda Za A Kula Da Ita

Da farko dai, duk bindigar da ka ɗauka, ka ɗauka cewa akwai harsashi a ciki. Ka juya bakinta inda babu kowa, ka buɗe bayanta, ka duba da idonka. Harsashin nan ƙarami ne a ido, amma yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma yana kisa.

Na biyu, kafin ka taɓa komai, ka kwafe duk rubutun da ke jikinta a takarda. Idan ba ka ga lamba ba, kada ka ce goge ta aka yi, domin da yawa cikin ƙananan bindigogin Amurka an ƙera su babu lamba, sai a 1968 doka ta tilasta sa ta.

Na uku, tsatsar waje. A shafa mai mara kauri, irin na keken ɗinki, a bar shi ya kwana. Washegari a goge da tsumma. Inda ta ƙi fita, a sa soson ƙarfe mafi laushi, a jiƙa shi da mai, a goga a hankali. Launin ƙasa-ƙasa da ƙarfen ya yi saboda tsufa ba datti ba ne, a bar shi. Manja da man gyaɗa kuwa a nisanta su, domin suna daskarewa su zama danƙo.

Na huɗu, cikin bututu. A zura tsumma mai ɗan mai daga baya zuwa baki, a yi ta canjawa har ya fito da tsabta. Kada a cusa waya ko sandar ƙarfe ta baki, domin idan leɓen bakin ya ci, saiti ya tafi ke nan.

Na biyar, ƙota. Tsumma mai ɗan danshi ya isa ya cire datti. In ta bushe, a murza mata ɗigon man linsid, irin na kafintoci, da tafin hannu. Wajen ajiya a jingine bindigar baki ƙasa, don kada man ƙarfe ya gangaro ya jiƙa katakon ya ruɓar da shi. Idan kuma ya zama dole a kwance kusa, a nemi sukundireba da ta cika tsagar kusar daidai, in ba haka ba kan kusar zai lalace, samun irinta kuwa aiki ne.

Kuskure Biyu

Na farko shi ne jan kunama babu harsashi, abin da kowane baƙo ke yi da zarar an miƙa masa. Kamar yadda muka faɗa, allurar gefe take bugu. Idan babu kwanso, sai ta daki ƙarfen bakin ramin harsashi. Yau da gobe wurin ya lotsa, kwanso ya riƙa maƙalewa, ita ma allurar ta karye.

Na biyu shi ne cewa duk harsashin da ya shiga, shi ke nan ya dace. Tun wajen 1930 ake yin harsashi .22 mai gudu fiye da na da, alhali wasu bindigogin an ƙera su ne tun zamanin baƙin albarushi. Bindigar da marufin bayanta ke girgiɗi, ko bututunta ya kumbura, ko ƙotarta ta tsage kusa da ƙarfe, ba ta harbi ba ce. Shawararmu ita ce kada a harba tsohuwar bindiga sai gwanin da hukuma ta yarda da shi ya duba ta. In ya ce ta gaji, to, ta huta. Darajarta ba ta ragu ba.

Maganar Doka

Bindiga takan shiga gado, amma lasin ba ya shiga. A nan Gana dokar makamai ta 1962 da ta 1972 sun wajabta wa mai bindiga ya yi mata rajista wurin 'yan sanda, ya kuma sabunta lasin kowace shekara. Takardar marigayi ba za ta kāre magajinsa ba. Haka nan ƙera bindiga ba da izinin gwamnati ba laifi ne, don haka a kula da wanda ake kai wa gyara. Wanda ya gaji bindiga ya je ofishin 'yan sanda ya nemi bayani tun kafin a zo nemansa. Wanda kuma ba ya bukatarta, ya miƙa ta gare su, kada ya sayar wa wanda bai sani ba.

A gida kuwa, a kulle ta a akwati ko kabad, harsashi a wani wuri daban, mabuɗi a aljihun maigida. Mu da muke yini da yara mun san babu lungun da ba su sani ba a gidan ubansu.

Shi wancan ɗan'uwa namu, fenti dai ya fita da ƙyar, amma rubutu bai dawo ba. Da ya sani, da 'yar kwalbar mai da tsumma sun ishe shi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari.