Sanyaya kwamfuta da ruwa: A guji gyaran gangar Auzinawa

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya fara shigowa cikin masu amfani da manyan kwamfutocin tebur a ƙasar nan, musamman masu tace finafinai da masu zane-zane da matasa masu sha'awar wasannin kwamfuta. Yayin shi ne cire fankar da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a maye gurbinta da na'urar sanyayawa ta ruwa. Na'urar tana da kyan gani, ƙararta kaɗan ce, kuma tana iya rage zafin furosesa ƙwarai. Sai dai akwai wani al'amari da masu sayarwa ba su cika ambata ba, masu saye kuma ba su cika tambaya ba: idan furosesa ta samu ruwa, wa zai yi wa sauran kayan da ke kewaye da ita fifita?

Aikin na'urar bai bambanta da na lagireton mota ba. Akwai wani faifan jan ƙarfe da ke zama a kan furosesa, da ƙaramin famfo da ke tura ruwa ta cikin bututu biyu zuwa lagireto mai tsawon milimita 240 ko 280 ko 360, inda fankoki ke hure zafin. Ruwan yana kwashe zafin abin da faifan ya taɓa ne kawai. Duk abin da ke gefe, ko da tazarar yatsa biyu ce, ba ya samun komai daga gare shi.

Tsohuwar fankar kuwa, irin wadda Intel da AMD ke haɗawa da furosesoshinsu, tana hura iska ne daga sama zuwa ƙasa. Iskar kan bi ta cikin ƙarfen zuƙe zafi, ta bugi babban allon kwamfutar, wanda masu gyara ke kira madabod, sannan ta bazu ta kowace kusurwa. Ta haka kayan da ke maƙwabtaka da furosesa ke samun sanyi a ɓagas, tamkar masu zama kusa da wanda ake yi wa fifita. Ranar da aka cire fankar, wannan alfarma ta ƙare.

Babban wanda abin ke shafa shi ne sashen daidaita wuta da ake kira VRM, wanda ke jere a sama da gefen hagu na mazaunin furosesa. Akwatin wutar kwamfuta yana aiko da bolt 12, amma furosesa tana aiki ne da abin da bai wuce bolt ɗaya da 'yan kai ba. Aikin wannan sashe shi ne sauko da ƙarfin wutar, ta hanyar wasu ƙananan makunnai na lantarki da ke buɗewa da rufewa sau dubbai ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Lissafin yana da sauƙi. Furosesar Intel Core i9-13900K da ta fito a 2022 tana iya jan wat 253, ita kuma Ryzen 9 7950X ta AMD tana kaiwa wat 230. Idan furosesa na jan wat 250 a kan bolt 1.25, to amfiya 200 ke bi ta wannan ɗan sashe. Ko kashi goma cikin ɗari na wutar ne ya salwanta a hanya, an samu zafin kusan wat 25 a wurin da bai kai faɗin tafin hannu ba.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, furosesoshin zamani suna ƙara gudu ne gwargwadon sanyin da suka samu. Da zarar ruwa ya sanyaya furosesa, sai ta daɗe tana gudu da iyakar ƙarfinta, ta ƙara jan wuta. Ke nan an ƙara wa sashen daidaita wuta nauyi a daidai lokacin da aka janye masa iska. Mai kwamfuta zai duba ya ga zafin furosesa yana digiri 65, ya yi hamdala, alhali a gefenta akwai abin da ke neman haura digiri 100. Idan zafin ya kai iyaka, allon zai tilasta wa furosesa rage gudu domin kare kansa, ko kuma kwamfutar ta mutu a tsakiyar aiki. Mai tace fim da ya kwana yana jiran aiki ya kammala, ga wanda ya ba shi aikin yana jira da safe, ya san irin asarar da ke cikin wannan. Ko bai kai ga haka ba, zafi na cin rayuwar kayan lantarki a hankali. Ƙa'idar da masu ƙera kapasito mai ruwa a ciki ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin tsawon ransa.

Ba wannan sashe kaɗai ke shan wahala ba. Ma'ajiyar bayanai ta SSD samfurin M.2, wadda galibi ake dasawa tsakanin furosesa da katin hoto, yawancinta an ƙayyade mata aiki ne zuwa digiri 70, kuma idan zafi ya yi mata yawa sai ta rage saurin karatu da rubutu. Haka nan ram samfurin DDR5 tana ɗauke da nata ɗan sashen daidaita wuta a jikinta, don haka ita ma tana son iska. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin sun san da matsalar. Shi ya sa kamfanin Arctic ya dasa wata 'yar ƙaramar fanka a kan famfon na'urorinsa na Liquid Freezer II da III, aikinta kawai hura iska ga sashen daidaita wuta.

Mu a nan muna da ƙarin dalilin yin hattara. Mafi yawan gwaje-gwajen da muke kallo a YouTube a ɗakuna masu sanyi ake yin su. A Sakkwato da Maiduguri da Kano kuwa zafin bazara kan haura digiri 40, wutar da za ta riƙe na'urar sanyaya ɗaki ba ta da tabbas, sannan ƙurar hunturu tana toshe lagireto da ƙarafan zuƙe zafi cikin 'yan makonni. Ruwa ba zai taɓa sanyaya komai ƙasa da zafin ɗakin da yake ciki ba.

Mafita ba ta da tsada. Da farko a tabbatar iska tana ratsa akwatin: fanka biyu ko uku a gaba masu jawo iska, ɗaya a baya mai fitar da ita. Idan akwatin ya ba da dama, a ɗora lagireton a sama yana fitar da iska waje, domin hakan na jawo iskar ta bi ta kan sashen daidaita wuta kafin ta fita. Idan a gaba aka dasa shi, a sani cewa iskar da ke shiga ta riga ta ɗauki zafin furosesa, don haka fankokin baya da na sama su zama masu ƙarfi. A kuma kula kada famfon ya kasance shi ne mafi tsayi a zagayen ruwan, domin 'yar iskar da ke cikin bututu za ta taru a cikinsa ta hana shi aiki yadda ya kamata.

Na biyu, a shiga BIOS a gyara gudun fankokin akwati. Sau da yawa an ɗaure su ne da zafin furosesa, saboda haka idan ta yi sanyi sai su yi lakwas, sauran kayan na ƙuna. A ɗaga mafi ƙarancin gudunsu, ko a ɗaure su da ma'aunin zafin allon idan yana da shi. Na uku, a auna. Manhajar HWiNFO kyauta ce ga mai amfanin kansa, tana nuna zafin SSD da na sashen daidaita wuta a allunan da ke da ma'auninsa. A ba kwamfutar aiki mai nauyi na rabin sa'a da tsakar rana, a ga inda lambobin suka tsaya. Idan sun yi sama, ƙaramar fanka guda da aka saita tana kallon wurin ta isa ta kawo sauƙi. Sai kuma share ragar tace ƙura a kai a kai, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Gaskiya ne cewa manyan alluna masu kaurin ƙarfen zuƙe zafi da yawan layukan wuta suna jure wannan yanayi ba tare da matsala ba. Haɗarin yana ga wanda ya sayi furosesa mai tsada da na'urar ruwa mai fitilu, sannan ya tsuke hannu wajen sayen allo, ya ɗauko wanda makunnansa ke tsirara ba ko ƙarfe a kansu. Araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa ba su isa duka ba, gara ya sayi allo nagari da fankar iska mai kyau, ya bar na'urar ruwa sai gaba.

Kira na ga masu haɗa kwamfutoci da masu sayar da su shi ne, su riƙa yi wa abokan cinikinsu wannan bayani kafin su karɓi kuɗinsu. Mai saye shi ma ya tambayi ta inda iska za ta shiga da ta inda za ta fita, kafin ya tambayi launin fitila. Allah Ya sa mu dace.